Lissafin Mai Haɗa Wuta

Akwai wani magidanci a Tambuwal da ya koyi haɗa wayar lantarki a hannun ubangidansa tun zamanin NEPA. A wancan lokaci, duk wanda ya iya fasa bango, ya binne bututu, ya ja waya, to ya ƙware. Ko da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, Jihar Sakkwato ta kasance ƙarƙashin na Kaduna, aikinsa bai sauya ba.

Zuwan sola ne ya sauya shi. Wata rana aka kira shi wani ƙauye a Kebbe domin ya haɗa wa firjin mai shago sola. Ya kafa faifai da batir bisa kintace. Kafin asuba batir ya ƙare, kunun aya ya lalace, ya biya hasarar daga aljihunsa. Ɗansa, ɗalibin sakandare, shi ya ninka wat ɗin firjin da awannin aikinsa, ya nuna masa cewa batirin ya yi ƙanƙanta.

Tun daga ranar, ba ya karɓar yaron koyo sai wanda ya iya ninkawa da rabawa. Ashe lissafin da malami ke koyarwa a aji yana cikin jarin mai haɗa wuta.