Gudu Ne Ko Jiran Farashi?

Yau dambe za mu taɓa, masu ƙwallo ku yi mana haƙuri.

Akwai wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisunmu, mu mutanen ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta har zuwa Makoɗa. Da an kai gero rumbu, an cire gyaɗa, an rore wake, jiki ya ɗan samu hutu, sai ka ji an tayar da shi a teburin mai shayi ko a rumfar mai cajin waya: shin manyan 'yan dambe tsoron juna suke ji, ko ja mana rai kawai suke yi? Da 'yan damben gargajiya ake farawa, kafin a watse an kai kan Anthony Joshua da Tyson Fury, mutanen da ba su san da zamanmu ba amma mun sha raba dare a gidan kallo saboda su.

Dattawanmu suna yawan cewa a zamaninsu babu wannan iskancin, wai a da in ka nemi mutum sai ya fito. Muna girmama su, amma maganar ba haka take gaba ɗaya ba. Dambe wasan rundawa ne, kuma da kaka suke fita gari-gari. A fage, makaɗi ya saki taken mutum, ya yi tsuma, ya fito ya miƙa hannu wajen wanda yake so. Ko a lokacin akwai ƙofofin zamewa. Babban ɓangare yana iya cewa yaronsa ba sa'an wancan ba ne, a hana. Ɗan ɓangare ɗaya ba ya sa zare da ɗan'uwansa, kamar yadda har gobe ɗan Kudu yake neman ɗan Arewa ko Guramaɗa, ba na gidansu ba. Ke nan ƙin shiga ya daɗe a cikin wasan. Bambancin shi ne a da wanda ya ƙi, nan take yake biyan kuɗin ƙinsa, a gaban kalangu, a gaban 'yan mata, a gaban sarkin fawa. Ita kuwa faɗuwa tana da araha. A kashe ka yau a Kunci, mako mai zuwa ka kashe wani a Kazaure, labarin na biyu ya binne na farko. Waɗanda suka ga ka sha ƙasa ba su wuce mutanen da suka kewaye fagen ba. Shago da Ɗandunawa da har yau ake ambata, sun yi suna ne saboda sun haɗu, kuma waƙar Ɗan Anace ta riƙe sunan Shago bayan duk masu kallonsa sun tsufa.

Yanzu lissafin ya juye. Dambe ya koma gidan da ake biyan kuɗin ƙofa, irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano, da gidan Ali Zuma a Dei-Dei, da na Marabar Nyanya. Ana sa babur, ana sa mota. Ga waya a hannun kowa. Ɗan dambe ya yi kisa hamsin, ranar da gwiwarsa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, kafin ya kwance zare bidiyon ya isa Maraɗi da Agege, an sa masa kiɗa, an maimaita faɗuwar sau uku a hankali. Sunansa kuwa shi ne jarinsa. Da shi ake kiransa gari-gari, da shi masu kuɗi suke yi masa kari. Faɗuwa ta yi tsada, ƙin shiga ya yi araha, tunda a yau mutum yana iya ƙi daga ɗakinsa: ya ce hannu ne ya kumbura, ko kuɗin bai kai ba, ko ya kashe waya.

Mun ɗanɗana wannan a jikinmu. Wata kaka samarin ƙauyukanmu suka haɗa kuɗi, mai dubu biyu, mai dubu biyar, wasu da kwanon gero suka bayar aka sayar. Aka gayyato wani babban ɗan dambe, ba za mu faɗi sunansa ba, aka ba shi kafin alƙalami, bisa cewa zai sa zare da wani bahago da ake ta haɗa su a baki shekara biyu. Mutane suka zo a kan babura da amalanke, har daga ƙasar Jigawa. Ya iso, ya taka wasu yara biyu da ba su kai kafaɗarsa ba, ya kashe su tun a turmin farko, aka yi ta ihu. Da bahagon ya fito, sai wani daga cikin mutanensa ya raɗa wa alƙali magana, aka sanar cewa hannun maigida ya samu matsala. Magariba ta yi, kowa ya kama hanya. Bayan mako biyu muka gan shi a waya yana dambe a birni, da hannun nan dai.

Tun ranar majalisa ta rabu. Wasu suka ce matsoraci ne, ƙarshen magana. Wasu suka ce wane mai hankali ne zai kai muƙamuƙinsa ƙauye a kan kuɗin da bai kai rabin babur ba, alhali gasar mota tana jiransa? Mu dai ba mu yarda tsoro ne ba. Mutumin da ya shafe shekara goma ana dukan fuskarsa da hannun da aka naɗe da zare, bai cancanci mai zaman benci ya kira shi matsoraci ba. Amma ya ci kuɗinmu a kan abin da bai yi niyyar yi ba, wannan kuma sunansa daban.

Abin da ya sa muke ganin haka shi ne, in ka duba damben Turawa ajin masu nauyi, inda ake maganar miliyoyin daloli, cutar iri ɗaya ce. A can kambun duniya ba ɗaya ba ne, huɗu ne: WBA, WBC, IBF da WBO, kowace hukuma da wanda take tilasta wa zakaranta ya kara da shi. Kowane ɗan dambe da dillalinsa, kowane dillali da gidan talabijin da ya ƙulla yarjejeniya da shi. Kafin mutum biyu su hau dandamali sai mutum ashirin masu kwat sun amince. A shekarar 2018 Joshua yana riƙe da kambu uku, Deontay Wilder na Amurka yana da na WBC, babu wanda aka taɓa dokewa a cikinsu. Duniya ta zuba ido. Ɓangaren Wilder suka ce sun yi wa Joshua tayin dala miliyan 50, ɓangaren Joshua suka ce su ma sun aika takarda ba a sa hannu ba, aka yi ta jifan juna da magana. Ranar 1 ga Yuni 2019 Andy Ruiz, wanda aka ɗauko a ƙurarren lokaci ya cike gurbi, ya zubar da Joshua a New York. A Fabrairun 2020 Fury ya karɓe kambun Wilder. Da aka sake shirya haɗa Joshua da Wilder, an riga an makara: ranar 23 ga Disamba 2023 a Riyadh, dare ɗaya suka yi wasa da mutane daban-daban don share fage, Joshua ya ci nasa, Joseph Parker ya doke Wilder, magana ta mutu.

Na Joshua da Fury ma haka. A 2021 har rana an sa, watan Agusta a Saudiyya, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya ba Wilder karo na uku. Joshua ya tafi ya haɗu da Oleksandr Usyk na Yukren a Satumba, ya rasa kambunansa duka a Landan. A 2022 Fury ya fito yana kiran Joshua, yana gindaya masa wa'adi kamar mai bin bashi, daga ƙarshe sai ga shi da Derek Chisora, mutumin da ya riga ya doke sau biyu. Wa ya gudu? Magoya bayan Joshua a majalisarmu, waɗanda suke ƙaunarsa saboda asalinsa na Shagamu, sun rantse Fury ne. Na Fury sun rantse Joshua ne. Gudu na fili da kowa ya yarda da shi guda ɗaya muka sani, shi ma tsoho ne: a Disambar 1992 Riddick Bowe ya jefa kambun WBC a kwandon shara gaban 'yan jarida maimakon ya kara da Lennox Lewis, wanda ya taɓa doke shi a wasan ƙarshe na Olamfik a 1988. Sauran duk ba gudu ba ne, ciniki ne da ya ƙi faɗuwa.

Mu manoma bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin abin da muke yi ke nan da hatsi. Babu mai kai gero kasuwa da kaka in ba dole ba. Kowa yana so ya riƙe zuwa bazara, lokacin da dillalan Dawanau za su biyo shi har gida. Lissafi ne mai kyau, kuma shekaru da yawa yana fita. Amma duk cikinmu babu wanda bai san mutumin da ya riƙe wake har ƙwari suka mayar masa da shi gari ba, ko wanda ya ƙi sayarwa a farashi mai tsoka, yana jiran ƙari, kasuwa ta karye a kansa. Ɗan dambe ma kaya ne da ke lalacewa a ajiye. Ƙafa tana nauyi, ido yana rage gani, yara suna tasowa. Karon Joshua da Wilder a 2018 hatsi ne a kan ganiyar tsadarsa, aka riƙe, aka riƙe, har ya zama babu mai taya shi.

Shi kuwa Usyk, wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa da nasu, ya fi su ƙanƙantar jiki, bai tsaya ja-in-ja mai tsawo ba. Ya bi Joshua har gida, ya sake doke shi a Jidda a 2022. Ranar 18 ga Mayu 2024 ya doke Fury a Riyadh ya haɗa kambu huɗu, abin da ajin masu nauyi bai ga irinsa ba tun da Lewis ya zama zakara tilo a 1999. A Disamba ya maimaita. Mu da muka zauna har tsakar dare janareta yana tari, mun ga yadda Fury ya yi tangaɗi a zagaye na tara igiya ce ta tare shi. Sai dai a lura, wannan karon ma ba jarumtaka kaɗai ta haɗa shi ba. Kuɗin Saudiyya ne ya yi yawan da ko wanda ya faɗi zai koma gida da abin da ya ishe shi. Da aka rage wa faɗuwa tsada, sai ga manya suna fitowa. Kuma ko wata biyu ba a yi ba Usyk ya ajiye kambun IBF, saboda ba zai iya biyan bukatar hukumar da ta yarjejeniyar sake karawa da Fury a lokaci ɗaya ba. Wato masu kwat ɗin nan ba su tafi ko'ina ba.

A nan ne muke rabuwa da masu zafin kai a cikinmu. Suna son kawo Muhammad Ali, wai shi bai taɓa zaɓe ba: ya shiga wa Joe Frazier a 1971 ya sha kaye, ya shiga wa George Foreman a Kinshasa a 1974 lokacin da kowa ke ji masa tsoro, ya yi ritaya da faɗuwa biyar kuma babu wanda ya rage masa daraja. Gaskiya ne. Amma a tuna yadda ya ƙare rayuwarsa, hannu yana rawa, magana da ƙyar. Shi ma ke nan mai dukiya da likitoci. Ɗan damben gargajiya fa? In muƙamuƙi ya goce ko hannu ya karye, daga mai ɗori sai asibitin ƙashi na Dala, kuma daga aljihunsa. Ba fansho, ba inshora. In ya tsufa, sai dai abokan sana'a su yi masa ajo, a tara abin da aka tara, shi ke nan. Mun san tsofaffin 'yan dambe a kasuwannin ƙauye da suka koma bakin tukuba, haƙora rabi, kunne ɗaya ba ya ji, waɗanda suka yi musu ihu a da ko tsire ba sa tsayawa saya. Mai irin wannan makoma in ya ce zai zaɓi ranar da zai sa kansa a haɗari, da kuma nawa za a biya shi, ba mu ga laifinsa ba.

Inda muke ganin laifi shi ne sayar da karon da ba za a yi ba. Mutum ya hau TikTok ya yi kirari, ya kama sunan wane, ya ce ko a gaban uwarsa zai kashe shi, mabiya su ƙaru, kuɗin gayyata ya ƙaru, shekara ta zagayo ba a haɗu ba. Fury ya yi wannan da sunan Joshua, namu na gida suna yi da sunan juna. Wanda ke biya shi ne yaron da ya yi kwana uku yana ƙwadagon casar dawa, ya zuba mai a babur, ya biya kuɗin ƙofa, aka nuna masa zaki yana wasa da 'yan awaki.

Bana da samari suka sake tayar da maganar damben kaka, an zauna a ƙofar gidan mai unguwa an canza tsari. Kafin alƙalami ba zai wuce kuɗin mota da abinci ba. Sauran sai an sa zare da wanda aka ambata da suna, ba da wani yaron da za a tura ba. Sannan, wannan ne ya fi jawo gardama, wanda aka kashe zai tafi da kaso biyu cikin biyar na kuɗin, ba a sallame shi da na goro ba. Wani dattijo ya ce wannan koya wa mutane faɗuwa ne. Aka ce masa, Baba, ai faɗuwar ce muke saye, in babu mai yarda ya faɗi babu dambe. Bai gamsu ba, amma ya ba da kwanonsa biyu na gero.

An kira manya uku a waya an karanta musu sharaɗin. Ɗaya ya ce ya yarda in za a ƙara masa dubu ashirin. Ɗaya ya ce sai ya yi shawara da ubangidansa. Na ukun ya ce yana kan babur zai kira, yau kwana tara ke nan.