Kotso Mai Baki Biyu

'Yan uwa marubuta, da yawanmu in labari ya kai wurin biki ko ƙofar fada, sai mu rubuta "makaɗa suka saki kalangu", mu wuce. Mu da muka tashi a gidan kiɗa a ƙasar Dawakin Tofa abin yana ɗan sosa mana rai, domin ba kowane abin kiɗa mai siririn ƙugu ne kalangu ba. Kalangu da jauje fata biyu gare su, sama da ƙasa. Kotso fatarsa ɗaya, ƙasansa a buɗe, da hannu ake kaɗa shi, kuma ana liƙa masa nake a tsakiyar fatar don muryarsa ta yi nauyi. Na sarauta ne. Da shi Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da shi Ɗanƙwairo ya ci zamaninsa. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da 'yan dambe, kafin Shata ya kai shi ko'ina har rasuwarsa a 1999.

Kakanmu ya bar mana icen kotso biyu a rataye cikin zaure. Kiɗan fada ya daina ciyar da gida tun muna yara, amma da kaka ta yi aka sare dawa, ƙanenmu ba ya rasa gayyatar dambe da ɗan bikin da bai faɗa hannun masu na'ura ba. Duka kalangu suke nema. Sabon ice kuma ba ya samuwa da sauƙi. A wajenmu gona tana jikin gona, kowace bishiya da mai ita, balle alilliba da masassaƙa suka fi so. Sai shawara ta zo: a sa wa kotso ɗaya fata a ƙasa.

A baki kamar wasa. Da muka kai wa masassaƙi sai ya juya icen ya nuna mana ƙananan hudoji kewaye da bakin ƙasan, inda tsarkiya take ɗaurewa. In aka ɗora fata a haka, iska za ta riƙa tsiyaya. Dole ya yanke wajen kamar faɗin yatsa biyu, ya kankare bakin ya daidaita shi, don ko ɗan tudu kaɗan zai ci fata cikin sati. Aka jiƙa fatar ɗan akuya, aka ɗinke ta a zobe, aka cire ta saman mai nake aka sa sabuwa, sannan aka ja tsarkiya daga baki zuwa baki yadda in an matse a hammata duka biyun za su ɗaure tare.

Kuma ya yi magana, ba mu musu. Da, sauti yana fita ta ƙasa ya faɗi nan take, dim, kamar dattijo ya yi gyaran murya. Yanzu iskar ta rasa ƙofa, tana bugun fatar ƙasa ta dawo, amon ya yi tsawo ya yi kaifi. Sai dai da yake an rage ƙoƙon ƙasa, bai kai zaƙin kalangun asali ba. Mai kunne yana ganewa. 'Yan dambe dai ba ruwansu, in an kaɗa musu take tsuma suke yi.

Baffa bai hana ba, bai kuma sa albarka ba. Da ƙanenmu ya gwada a gabansa, sai ya ce, "Kai yaro, wannan icen gaban hakimi ya saba durƙusawa." Ƙanenmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, hatsi muke nema." A ganinmu kowa da gaskiyarsa, ko da yake mun fi karkata ga mai cefane: a kakar bara da kuɗin kiɗan nan aka sayo buhun gero a Dawanau.

Na biyun yana nan, ƙasansa a buɗe. Baffa ya ɗauke shi daga zaure ya mayar ɗakinsa, kuma har yau babu wanda ya iya buɗe baki ya tambaye shi.