Rumfar Mai Haɗa Jirgi

A manyan kamfanonin duniya akwai muƙamin shugaban masu tsara fasalin kaya, irin wanda Jony Ive ya riƙe a Apple kafin ya bar kamfanin a 2019. Jaridu na son leƙa ɗakin aikin irin waɗannan mutane, su ji ƙarfe nawa suke tashi, yaushe suke hutawa. Mu ma a ƙasar Yauri muna da namu, sai dai shi ba shi da teburi, kuma kuskurensa ba ya tsayawa a asarar kuɗi. Ina nufin ubangidan masu haɗa jirgin ruwa.

Aikinsa ya yi nauyi tun 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji, aka tayar da mutane sama da 40,000 daga matsugunansu. Kafin nan Kwara kogi ne mai gudu tsakanin tsibirai, kuma kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume guda yana biya wa Bagunge da Basarke yawancin buƙatunsu. Da tafki ya kwanta, ruwa ya yi faɗin da iska ke samun filin tayar da igiya, itatuwan da ya haɗiye kuma suka zama kututture a ɓoye. Sai aka ƙara dogara ga babban jirgin katako mai inji, wanda dole wani ya yanke masa faɗi da zurfi da tsayin baki.

Wanda na fi zama wurinsa wani dattijo ne a bakin ruwa a Yelwa. Rumfa ce ta kwano, da gizago, da zarto, da guduma, da tukunyar kwalta. Babu takarda ko ɗaya. A ƙasa yake zane da tsinke, da kamu da taƙi yake awo, da gawayi yake sa wa katako alama. Idan mai saye ya zo, ba ya fara tambayarsa girman da yake so. Wace kasuwa za ka ci? Albasa za ka ɗauka, ko shinkafa, ko mutane da baburansu? A wane lokaci? Tambayar ƙarshen nan tana da dalili, domin ruwa biyu ke zuwar mana a shekara: na damina mai laka, da wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso mana cikin hunturu. Gaɓar da jirgi ya tsaya a watan Fabrairu ba ita ce ta Yuli ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya raba yininsa. Duk aikin da ke buƙatar ido, wato zaɓen katako, da lanƙwasa shi, da haɗa goshin jirgi, tsakanin asuba da azahar yake yinsa. Yakan ƙwanƙwasa kowane falle ya saurara, wanda amonsa bai yi masa ba ya ture shi gefe ko da an riga an biya kuɗinsa. Bayan azahar sai ya bar wa yara buga ƙusa da toshe kafofi, shi kuma ya koma gefe yana kallo. Da la'asar ta yi sanyi ya tafi gida. Ranar Juma'a ba ya taɓa gizago, da damina kuma rabin ƙarfinsa na gona.

Wayar hannu ce ta so rushe wannan tsari. Mai jirgi na kira bayan isha'i, yana so a ƙarasa kafin ranar kasuwa, ko da a hasken tocila ne. Dattijon kashe wayar yake yi, kuma yana asarar ciniki a kan haka, domin ba a rasa wanda zai karɓi aikin gaggawa. A ganina shi ne da gaskiya. Idon da ya gaji ba ya ganin tsagar da ke cikin katako, fasinjan da zai zauna a kanta kuwa ba shi da hanyar sani.

Ba na cewa hannun maƙeri kaɗai ke tsare rai. A ranar 26 ga Mayu 2021, jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira, kuma jami'ai sun danganta abin da lodi fiye da ƙima. Mai haɗa jirgi ya san iyakar abin da ya haɗa, amma ba ya tashar lokacin da ake lodi, kuma galibi ba a rubuta iyakar a jikin jirgin.

Nan ne ma nake da ƙorafi a kan rumfar. Awon duk yana kan mutum guda, zanen ƙasa kuwa ƙafar almajiri ke share shi kafin magariba. Na taɓa ba shi shawarar a sami littafi a riƙa rubuta awon kowane jirgi da nauyin da zai iya ɗauka. Ya yi dariya, ya ce babban yaronsa ya yi sakandare, in je in yi magana da shi.