Abin da ƙauyen Vinca ya koya mini

Shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a lakwal, amma ranar da wata ɗaliba ta ce, "Malam, me ya sa kakanninmu suka zauna a nan?" sai na rasa ta cewa. Na haddace manyan kogunan duniya, ban san dalilin kafa garinmu ba.

Ana nan sai na ci karo da labarin Vinca, wani ƙauye na ƙasar Sabiya a bakin kogin Danub, kamar kilomita 14 daga Belgrad. A 1908 masani Miloye Vasic ya fara haƙa wani tudu da suke kira Belo Brdo, wato farin tudu. Ashe tarin gidaje ne na itace da laka. Mutane sun fara zama a wurin fiye da shekara 7,000 da suka wuce. In gida ya rushe ko ya ƙone, sai a gina sabo bisa kufai, har tarin ya kai wajen mita 9. Ruwa da kifi da ƙasar noma ne suka riƙe su, ga kogin ya zame musu hanyar fatauci.

Sai na tura ɗalibaina wurin tsofaffi: wa ya haƙa rijiyar farko? Ina kufan tsohon gari? Wasu sun dawo da cikakken labari, wasu kuwa aka ce musu wanda ya sani ya rasu bara.

Ƙasa ta adana tarihin Vinca dubban shekaru. Namu yawanci a bakin tsofaffi yake. Iyaye, in yaro ya zo da tambaya, don Allah ku kai shi wurin kakarsa tun tana da rai.