Sallamar Manjo a Bakin Kanal

Irin shinkafa ne ya kai ni Kura, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Daga Talata Mafara zuwa Gusau, Funtuwa da Zariya babu abin faɗa, sai shingayen jami'an tsaro da addu'ar da kowa ke yi a ransa har muka wuce Tsafe. Sai da muka bar Kwanar Dangora muka doshi Kadawa sannan na gyara zama. Watan Janairu ne, hazo ya sauka, duk inda muka ratso ƙasa ta bushe ƙamas. Kwatsam sai ga kore shar hagu da dama: alkama, albasa, masara, tumatir. A Kwanar Gafan kwanduna ne jere reras, ana loda wa manyan motoci masu gangarawa Kudu.

Ni ɗan Bakolori ne, ruwan dam ba baƙona ba ne. Madatsar mutanen Kura, ta Tiga, an kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tamu ta biyo baya a 1978. Ƙasarmu ba ta gaza tasu ba, manomanmu kuwa ban ga wanda zai nuna musu juriya ba. Amma da magariba na ga wani yaro shi kaɗai, da fartanya da tocila, ya nufi gona zai yi ban ruwan dare. Na bi shi da ido har ya shige cikin masara. A ƙauyukanmu na bakin daji, la'asar sakaliya kowa ya tattara ya nufi gida saboda 'yan bindiga. Abin da suka fi mu ke nan.

Masaukin da na kama a daren farko, Allah ya kiyaye. Gari zaune cikin ruwa, amma bokiti guda sai da na roƙa. Ƙofa ba sakata, tabarma ta fi katifar mutunci, sauro kuwa bai san ana sanyi ba. Injin casar shinkafa da ke bayan ɗakin bai huta ba sai wajen ƙarfe 2. A wajenmu baƙo ko na kuɗi ne sai an leƙo an tambaye shi kwanan gajiya. A nan ko kallo. Garin kansa dai ya burge ni. Mata na turara shanshera a manyan tukwane, ɓuntu ya yi tsibi kamar duwatsu, kuma har yau akwai masu rini, a garin da rawanin ɗan Kura ya samo sunansa.

Da safe dillali ya ce in ina son irin Jamila da Sipi marasa gauraye sai mun shiga ƙasar Bunkure, wajen wani dattijo. Muka hau babur muka bi gefen kanal. Dattijon na jin bakina ya ce, "Bazamfare ne. Ina ka kwana?" Da na faɗa masa sai ya kira jikansa ya ce a koma a ɗauko jakata. "Malam, ɗakin ɗana yana nan ba kowa." Ban gane nauyin maganar ba sai da na shiga na ga hoton saurayi da kaki a bango. Kofur ne. An kashe shi a arewacin Barno, kusan shekara biyu ke nan, a can aka binne shi.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, aka biyo da fura. Furar dai ba ta kai tamu kauri ba, gaskiya ɗaya ce. Amma hannun da ya miƙo ta ban taɓa ganin irinsa ba.

Washegari bayan azahar muna gindin mangwaro a bakin kanal muna auna iri, sai ga mota ƙirar Hilux ta tsaya. Mutum shida suka fito cikin kayan gida, amma tafiyarsu kaɗai ta isa ta gaya maka ko su wane ne. Ɗaya yana dogara sanda. Na gabansu gajere ne, baƙi, bai wuce arba'in ba, ga furfura ta fara cin gefen kansa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban dattijo.

"Baba, ni ne ogan yaronka. Na zo da latti. Ka yi haƙuri."

Manjo ne, Kirista daga Filato, Hausarsa ta bariki ce amma babu abin da ya ɓace mana. An dawo da su daga bakin daga bayan fiye da shekara uku, shi kuma an tura shi kwas a Jaji. Ya ce ba zai bi hanyar Zariya ya wuce ƙofar gidan nan ba. Sauran biyar ɗin yaransa ne, suka ce sai sun rako shi. Ya miƙa wata 'yar jaka: agogo, carbi, da waya mai fasasshen gilashi. Dattijo ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana juya carbin, sannan ya aika ciki. Ba a jima ba muka ji kukan tsohuwa daga bayan katanga.

Na so in ba su wuri, dattijo ya riƙe mini riga. To, a nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Manjo ya miƙe ya fuskanci yaransa. Ba fareti, ba ƙaho, ba lasifika. Ya ce a bariki ya yi jawabin da ofis ke so, amma wanda ke cikinsa ya ajiye shi sai nan. Ya kira sunaye bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da garinsu da wurin da ya faɗi. Na huɗu shi ne ɗan mai gidan. Ya ce daren da aka kashe shi, shi ne da bakinsa ya tura shi wancan ramin tsaro, kuma ko yau aka maimaita sai ya tura wani, domin aikin ke nan, amma bai taɓa kwana bai tuna ba. Sannan ya juya ga mai sanda ya ce, "Saje, na yi maka tsawa a gaban ƙananan yara ranar da ruwa ya ƙare mana. Kai ke da gaskiya. Ka yafe mini." Ya bi su ɗaya ɗaya haka. Akwai wanda ya hana hutu lokacin da matarsa ta haihu, akwai wanda ya hukunta bisa kuskure.

Saje ya ce, "Oga, ba ka taɓa cin abinci kafin mu ba. Mun yafe." Muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru.

Mu a Hausa mai doguwar tafiya ba ya fita sai ya bi gida gida neman gafara, kamar yadda maniyyaci ke yi. Ban zaci zan ga hafsan soja, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya yi ta fiye da yadda da yawanmu ke yi ba. Ina ganin wannan ita ce sallama. Lambar girma a ƙirji da jawabin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, suna da wurinsu, amma ba sa isowa bayan katangar da tsohuwa ke kuka.

Da hankali ya ɗan kwanta aka yi hira. Suka ambaci Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma na lura ba wanda ya kira sunansa bai sunkuyar da kai ba. Manjo ya tsura wa ruwan kanal ido, ya ce rabonsa da ganin manomi a gona ba tare da rakiyar bindiga ba har ya manta. Sai na tuna Koshebe, kusa da Zabarmari, inda a ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago, aka jera gawa 43 a jana'iza ɗaya. Shinkafa ce irin wadda ke cikin buhun da nake zaune a kai. Na gaya masa halin da muke ciki a Zamfara. Ya ce ya sani, wasu abokan karatunsa suna can.

Dattijo bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Ɗana, wa'adi ne. Ba kai ka kashe shi ba." Abu ɗaya ya roƙa: takardun haƙƙin marigayin sun maƙale a wani ofishi, sau huɗu yana zuwa ana ce masa ya dawo, ga marayu biyu. Manjo ya rubuta lambobin a tafin hannunsa, don babu takarda kusa. Aka cika musu bayan mota da tumatir da albasa da buhun shinkafa guda. Suka ƙi, dattijo ya rantse. A bakin titi suka rabu, shi ya tari motar Zariya, su suka juya Kano. Sun ƙame sun sara masa, duk da ba kaki a jikinsu, har motar ta ɓace cikin hazo.

Da asuba na ɗaure buhuna uku na kama hanya. Dattijo ya ƙi karɓar kuɗin ɗaya daga ciki, ya ce in shuka da sunan ɗansa. Komawa ba labari, mun isa Mafara kafin la'asar. Na yafa irin a gefen gonata ta Bakolori, ya tsiro da kyau. Makon jiya na buga wa jikan dattijon waya, ya ce takardun suna nan inda suke.