Hoton Naushi Ba Ya Son Dogon Haske

Shekaruna da dama ina ɗaukar hoto a nan Dei-Dei, daga suna da ɗaurin aure har gidan damben Ali Zuma. Tambayar da samarin da suka shigo sana'ar nan suka fi yi mini ita ce: "Yaya, wace filasha ce ta fi ƙarfi in saya?" Ni kuma nakan ce musu, in dai dambe ko ƙwallon dare za ka ɗauka, gajartar haske ta fi ƙarfinsa amfani. Bari in yi bayani, don kada wani ya kwashi kuɗin adashensa ya nufi Banex ya sayo abin da ba zai biya masa buƙata ba.

Da rana babu matsala. Ka sa shota a kan 1/1000 na daƙiƙa, hannun ɗan dambe zai tsaya cak a hoto. Amma da magariba ta kawo jiki, sai labari ya canja. Yawancin kyamarorinmu ba sa haɗuwa da filasha yadda ya kamata in shota ta wuce 1/200 ko 1/250. To a ce hannu yana gudun mita 10 a daƙiƙa guda. A cikin 1/200 ya riga ya ci santimita 5. Shi ya sa za ka ga fuska ta fito tas, amma hannun da aka ɗaure da zare ya zama kamar hayaƙi. Wa zai biya ka kuɗin hayaƙi?

A cikin duhu, tsawon walƙiyar filasha ne ke tsayar da motsi, tunda abin da hasken ya taɓa shi kaɗai kyamara ke gani. Ƙananan filasha da muke ɗorawa a kan kyamara, in ka buɗe musu ƙarfi gaba ɗaya, walƙiyar takan kai wajen 1/1000 na daƙiƙa, wani lokaci ma ta fi haka jimawa. In ka rage ƙarfin zuwa 1/16, na'urar takan datse hasken da wuri, sai walƙiyar ta koma 1/5000 ko ƙasa da haka. A wannan ɗan lokaci, hannun nan milimita 2 kawai ya motsa. Har zufar da ta fantsama daga goshi za ka ƙirga. Ga wata riba kuma: filashar ba ta daɗewa kafin ta sake cika, don haka naushi na biyu ba zai wuce ka ba.

Ba yau aka gano wannan ba. Wani malamin jami'ar MIT a Amurka, Harold Edgerton, da gajeriyar walƙiya ya ɗauki hoton harsashi yana ratsa tuffa a 1964. Abin da ya tsayar da harsashi ai ba zai gagara a kan naushin Guramada ba.

Sai dai in ka rage ƙarfi, haske ya ragu. Maganinsa shi ne ka matso da filashar, domin duk lokacin da ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa. Ka ɗaga ISO zuwa 800, ko ku haɗa filasha biyu kai da abokin aikinka. Ƙanana biyu a kan 1/16 sun fi mini babba guda a buɗe. Ka kuma lura da ƙwayayen lantarkin filin. In haskensu ya yi yawa a hoton, za ka ga wata inuwa tana bin hannun kamar fatalwa. Sai ka ɗan tsuke idon kyamara. Shi kuwa tsarin nan da ake rubutawa HSS a jikin kwali, kada ya ruɗe ka. Yana sa filasha ta riƙa ƙyaftawa a jere ne don ta bi shota mai sauri, ƙarfinta kuma ya zube. Ya fi amfani da rana.

Ƙura ma abar lura ce, musamman lokacin hunturu. In filasha tana saman kyamara, ƙurar da ƙafafu suka tayar za ta fito fari-fari ta cika hoton. Cire ta, ka ba yaro ya riƙe a gefe.

Wannan na ƙarshe kuma ya wuce maganar kyan hoto. Mutumin da ke tsakiyar fili da idonsa yake kare kansa. In ka watsa masa haske tsakar ido daidai lokacin da abokin karawarsa ya kawo hannu, ya faɗi, an yi kisa, wallahi da hannunka a ciki, ko da babu wanda ya lura. Sunansa ne, abincinsa ne, wani lokaci ma lafiyarsa. Ni dai nakan ajiye haskena a sama ta gefe, in rage shi, in kuma nemi izinin masu gida kafin a fara turmin farko. In ɗan wasa, na Kudu ne ko na Arewa, ya ce hasken yana damun sa, kashewa nake yi, in jira wasan da za a yi da sauran rana.

Yawancin yaran nan baƙi ne a Abuja kamar mu. Hoton da ka ɗauka shi za su tura gida Sakkwato ko Zamfara, iyaye su ga abin da ɗansu yake yi a birni. Saboda haka, ƙanena, kafin ka biya kuɗin filasha, duba ko ana iya rage ƙarfinta da hannu har zuwa 1/64, ka kuma tambaya ko tana aiki nesa da kyamara. In tana yin biyun nan, saya. Allah Ya sa albarka a sana'a.