Sifikar Amarya

Bikin ƙanwata ya matso, Baba ya damƙa mini kuɗin sayen sifika, ya ce kar in dawo neman ciko. Daga Agege na nufi kasuwar Alaba.

Wani mai shago ya nuna mini mai sifika biyar, an rubuta 5000W PMPO a kwali. Wannan lambar talla ce, RMS ake dubawa. Na ɗaga wufar, sakayau kamar fanko.

Ciki da falo za ta zauna, ina za ta ja wayoyi biyar? Na ɗauki mai sifika biyu da wufar katako mai nauyi. Aka sa Shata, kalangu ya fito tas. Canjin kuwa, sau biyu Baba ya ƙirga.